Robar hanci ta ruɓe, yaushe za a sake aiki?

Tambaya: Ƙanena ya yi hatsarin babur a hanyar Anka zuwa Gummi, hancinsa ya lotse. An sa masa roba don ta ɗaga karan hancin, ga shi yanzu wurin yana ruwa. Yana matsa mana a sake aikin kafin bikinsa. Ya za mu yi? Daga wata 'yar Bukkuyum.

Amsa: 'Yar'uwa, sannunku da jinya. Cire robar ba ya jira. Ƙwayoyin cuta kan yi wa jikin roba shimfiɗa mai yauƙi wadda magani ba ya ratsawa sosai, shi ya sa ruwan yake ɗaukewa ya dawo. In ya fara zazzaɓi, ko ido ya kumbura, ku tafi asibiti a ranar.

Sake gina hancin ne ke son haƙuri. Likitoci sukan jira wata 6 zuwa shekara 1, sai kumburi ya saɓe, tabon ciki ya yi laushi. In aka yi gaggawa, fatar kan iya tsukewa, hancin ya gajarce, gyaran ya fi na farko wuya. A karo na biyu kuma an fi son guringuntsin jikinsa, na haƙarƙari ko na kunne.

Ku nemi takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, Sakkwato. In yana shan taba ya daina, tana hana rauni warkewa. Biki kuwa, a sha shi da hancin yadda yake.