Darasi Daga Bayan Saniya: Yadda Ake Ƙago Abokan Tafiya a Wasan Almara

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. 'Yan wasa kan zauna gewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi na zamanin takobi da sulke, jagoran wasa yana ba da labari, ɗan lido kuwa yana yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Babbar wahalar jagora ita ce ƙago abokan tafiyar jaruman. Sau da yawa sunayensu da tufafinsu ne kawai suka bambanta, halinsu ɗaya ne: biyayya tsantsa. Nan da nan wasa ya gundure.

Maganin wannan yana cikin ilmin halittu, kuma duk wanda ya taɓa bin garken shanu a Wagini, a bakin dajin Rugu, ya gan shi da idonsa. Balbela tana bin sawun shanu tana cafke fāra da ƙwarin da kofato ya tayar. Ita ta ƙaru, saniya ba ta ci riba ba, ba ta yi asara ba. Wannan shi ne maroƙin da ke bin ayari don abin da zai samu.

Carki ya fi ta wuyar sha'ani. Yana sauka a gadon bayan saniya yana cire kaska, idan ya hango haɗari kuma sai ya yi tsuwa. Amma binciken da Paul Weeks ya wallafa a 2000, kan carki mai jan baki a Zimbabuwe, ya nuna tsuntsayen ba su rage yawan kaska ba, sai ma suka riƙa tsattsagar gyambo suna shan jini, ciwo ya daɗe bai warke ba. Abokin da aka gina a kan wannan hali, misali ɗan jagora wanda ya san kowace rijiya amma yake tatsar guzurin ayari, shi ne ke sa 'yan wasa gardama ta gaske: a kore shi, ko a haƙura?

Sai dai a yi hattara da tatsuniya. Ta mai da kura wawiya mai kwaɗayi, alhali littafin Hans Kruuk na 1972 ya nuna kurayen Serengeti da kansu suke farauto mafi yawan abincinsu, kuma mace ce ke shugabancin garke. Jagoran da ya san haka yana da jarumar da 'yan wasa za su raina tun farko, har ranar da zaki ya tare hanya.