Tantance Sahihancin Fayiloli a Tsarin dm-verity

Kalmar sirri ba ta tsare kwamfutar da aka kashe. Duk wanda na'urar ta shiga hannunsa yana iya cire ma'ajiyarta, ya sauya fayilolin babbar manhaja, sannan ya mayar da kome mazauninsa. A shekarar 2009 Joanna Rutkowska ta gwada irin wannan kutse a kan kwamfutocin da aka kulle da TrueCrypt.

Daga cikin matakan da Linux ta tanada akwai dm-verity, wanda Android ta ɗauka tun fitowa ta 4.4. Akan kasa ma'ajiya gunduwa-gunduwa, galibi bayit 4096 kowace, a lissafa wa kowace gunduwa tambari da SHA-256. Tamburan ma akan tara su a yi musu tambari, hawa-hawa, har a tuƙe ga tushe guda, bisa dabarar Ralph Merkle. Ko harafi ɗaya aka canza, lissafin zai saɓa wa tushen, sai na'ura ta ƙi karɓar gunduwar.

Sai dai wajibi ne a rattaba wa tushen hannu da mabuɗin da mahari ba ya iya musanyawa, in ba haka ba zai sake lissafa tamburan gaba ɗaya. Haka kuma tsarin ya taƙaita ne ga sashen da ake karantawa kawai, ba a rubutu a kansa.