In Wahala Ta Ƙi Ƙarewa

'Yan'uwa, idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko albashi ya tsaya, ko fari ya ƙone gona, kada ku tilasta wa kanku addu'a mai daɗin ji. Ku faɗa wa Allah abin da ke cin ranku yadda yake. Ku buɗe Zabura ta 88: kuka ne daga farko har ƙarshe, amma tana nan daram cikin Littafi Mai Tsarki.

Kada ku yanka wa Ubangiji ranar amsawa. Yusufu yana da shekara 17 aka sayar da shi, sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna.

Dogara kuma ba naɗe hannu ba ne. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana lokacin ginin garun Urushalima. Ku shanye maganin da likita ya rubuta, ku kai takardar neman aiki. Wanda ya ce sai kun ajiye kuɗi zai yi muku addu'a, ku kama gabanku.

Abin da na fi tsoro shi ne ɓuya. Mutum ya daina zuwa sujada don ba shi da na baiko, ko don takalmin yara ya tsinke. Ku je haka nan. Ku keɓe da fasto ko dattijo guda, ku gaya masa gaskiya. 'Yan zumuntar mata ba za su kawo mudun masara gidan da ba su san ana kwana da yunwa ba.