Amsoshin Tambayoyinku: Hutu a Tsakiyar Karatu Ɓata Lokaci Ne?

Tambaya: Ina shirin rubuta jarrabawar WAEC. Nakan yi awa huɗu ina karatu ban tashi ba, amma gari na wayewa sai in ji kamar ban karanta komai ba. Yayata ta ce in riƙa hutawa, ni kuwa gani nake ɓata lokaci ne. Wa ke da gaskiya? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Amsa: Ƙanwata, yayarki ce da gaskiya.

Abin da kika karanta ba nan take yake zama daram a ƙwaƙwalwa ba. Da farko ɗanye ne, kamar tubalin da aka kwaɓa yanzu, sai ya sha iska kafin a ɗora masa wani. Tun a 1900 wasu masana biyu a Jamus, Müller da Pilzecker, suka gano cewa wanda aka ba sabuwar hadda da zarar ya gama ta farko, yakan fi saurin manta ta farkon.

A 2012 Michaela Dewar da abokan aikinta a Jami'ar Edinbara suka karanta wa wasu dattawa gajerun labarai. Bayan wani labarin sai a bar su su huta minti 10 a ɗaki shiru, bayan wani kuma a ba su wasan hotuna a kwamfuta. Da mako ya zagayo, labarin da aka huta bayansa shi suka fi tunawa. Ki lura da wannan sosai, domin a nan ɗalibai da yawa ke yin asara: ajiye littafi a ɗauki waya a shiga TikTok ba hutu ba ne, wani lodin ne aka ƙara wa ƙwaƙwalwa.

Alarammomi ma ba sa haɗa wa almajiri karatun yini a zama ɗaya. Akwai na asuba, na yamma da na dare, ga tilawa da ke dawo da shi kan abin da ya wuce.

Saboda haka ki raba awa huɗun nan. Ki yi kamar rabin awa, ki tashi ki sha ruwa ko ki kishingiɗa ki lumshe ido. In kin dawo, kafin ki buɗe littafin, ki gwada faɗin abin da kika karanta da ka. Kuma don Allah kada ki raba dare kina karatu, domin a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ƙarasa adana karatun rana. Allah ya ba da sa'a.