Darasi na 14: Sabuwar shimfiɗa a tsohuwar mota

Yara, kowa a cikinku ya taɓa shiga mota, ko zuwa Dakoro ko zuwa Maraɗi. To, wa ya taɓa duban abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa? Ba mu faye dubawa ba. Yau shi za mu duba.

Kawuna yana da wata tsohuwar mota, Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. Ta girme ni. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968. A 1975 aka buɗe wata masana'anta a Kaduna, cikin Najeriya, inda aka yi ta harhaɗa irin waɗannan motoci shekara da shekaru. Shi ya sa suka cika hanyoyin ƙasar Hausa a da. Yanzu an daina yin su. Wanda ya ke da ita sai ya yi ta lallaɓa ta, kamar yadda a ke lallaɓa tsohon doki.

Motar kawu ta sha ɗaukar kaya daga Korahane: buhunan hatsi, goran nono, kaji, wani lokaci har da akuya. Shimfiɗar da ke ƙasanta ta yage, ta yi baƙi, tana wari. Da hutun makaranta ya zo sai ya ce mini: "Tashi ka raka ni Maraɗi, mu sa mata sabuwa." Na bi shi da littafina da alƙalamina. Ga abin da na gani.

Cire tsohuwa

Mai gyaran wani dattijo ne mai yaran aiki biyu. Da farko ya sa suka kwance kujeru. Kowane noti da aka cire sai a jefa shi cikin gwangwani, don kada ya ɓata a rairayi. Sa'an nan suka ɗaga tsohuwar shimfiɗa a hankali. Yaro ɗaya ya so ya fizge ta da ƙarfi, dattijo ya hana shi. Ya ce: "Bar ta ta fito da siffarta. Ita ce za ta gaya mana girman sabuwar."

Abin da ke ƙarƙashi ya ba mu dariya. Rairayi ya kai cikin tiya guda. Ga ƙwayoyin gero, ga ƙwallon dabino, ga dala biyar da wani ya yar tun ba a san yaushe ba. Amma da aka share, dariya ta ƙare. A gefen direba ƙarfen ya yi ja, ya yi laushi. Dattijo ya danna shi da ɗan yatsa, sai ga rami. Ta cikinsa muna hangen ƙasa.

Me ya kawo wannan? Tsatsa. Ƙarfe in ya gamu da ruwa da iska, ya daɗe a haka, sai ya yi tsatsa. Kun ga yadda hauya ke yi in an bar ta a waje da damina. Ƙasarmu busasshiya ce, shi ya sa mota ke daɗewa a nan. Amma shimfiɗa tana shan ruwa kamar tsumma. Nono ya zube, akuya ta yi fitsari, ruwan Agusta ya shigo ta ƙofa. Sama ta bushe, ƙasa tana nan da danshi. Rairayi kuma yana goge fentin da ke kāre ƙarfen. Ta haka tsatsa ke samun hanya.

Kawu ya ce a rufe ramin da sabuwar shimfiɗa kurum, ai ba wanda zai gani. Dattijo ya ƙi. Ni ma ina bayansa, ga dalili. Bututun hayaƙi yana bi ta ƙarƙashin mota. In ya huje, hayaƙi zai shigo ta ramin nan. A cikin hayaƙin akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Irinta ce ke fita daga gawayi in an hura shi a ɗaki an rufe ƙofa lokacin ɗari. Tana sa ciwon kai da barci, tana kuma kisa. Ku tuna, direba ne ke zaune bisa ramin.

Aka kira mai walda ya liƙe wurin da sabon ƙarfe. Aka kankare sauran tsatsar da buroshin ƙarfe, aka shafa fenti. Muka kwana a Maraɗi don ya bushe. Kawu bai ji daɗin kuɗin da ya ƙaru ba, amma ya biya.

Awo da yanka

Da safe aka baza sabuwar shimfiɗa a rana. Zafi yana sa ta yi laushi, ta yarda a lanƙwasa ta. Aka kife ta, aka ɗora tsohuwar a kai, ita ma a kife, aka zagaye da alli. Inda tsohuwar ta cinye ba ta da siffa, sai dattijo ya ɗauko kwali. Ya shimfiɗa shi cikin mota, ya yi ta datsa har ya zauna daidai, sa'an nan ya yi awo da shi. Kwali in ya ɓaci ba asara.

Bai yanka bisa zanen allin ba. Ya bar santimita 5 a kowane gefe. Na tambaye shi: "Baba, wannan ba ɓarna ba ce?" Ya ce: "Malam, abin da ya yi yawa ina iya rage shi gobe. Wanda ya gaza fa, ina zan samo cikonsa?"

Ƙasan mota ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar daɓen ajinmu. A tsakiya akwai wani tudu mai tsawo kamar kunyar gona. Injin 504 yana gaba, amma ƙafafun baya ne ke tura ta. Wani dogon ƙarfe ne ke kai ƙarfin injin zuwa baya, a ƙarƙashin tudun nan ya ke bi. Shimfiɗa sai ta hau tudun ta sauka, don haka tana cin tsawo fiye da yadda ido ke gani. Wanda ya auna daga ƙofa zuwa ƙofa da miƙaƙƙen zare, ya manta da tudu, shimfiɗarsa za ta gaza.

Daga kan tudun a ke farawa. A daidaita tsakiya, a riƙa lallashe ta da tafin hannu zuwa dama da hagu. A wurin sandar giya ba a yanke da'ira. Ana tsaga ɗan ƙaramin gicciye, a zura sandar, in ya matse a ƙara kaɗan. Ramukan notin kujeru kuwa sun ɓuya ƙarƙashin shimfiɗa. Dattijo ya laluba da yatsa, ya soka ƙusa a kowane rami, sa'an nan ya faɗaɗa wurin da reza.

A nan ne yaron aiki ya yi kuskure. Ya matsu ya gama, ya ja reza tun shimfiɗa ba ta kwanta cikin kusurwa ba. Da aka danna ta, sai ta ja baya, ƙarfe ya fito fili kamar faɗin yatsu biyu a bakin ƙofa. Dattijo bai buge shi ba. Ya ba shi allura da zare ya ɗinka ciko. Har yau in na shiga motar sai idona ya faɗa kan ɗinkin nan.

Sauran gefuna dattijo da kansa ya datse su, kaɗan kaɗan, yana ɗaga shimfiɗar kafin ya yanka, don wayoyin lantarki suna bi ta gefen ƙofa.

Liƙawa

Gam ɗin da a ke aiki da shi ana shafa shi a fuska biyu, bayan shimfiɗa da jikin ƙarfe. A jira ƴan mintoci har ya daina kama yatsa, sa'an nan a haɗa. In ya kama ya kama ke nan. Warinsa yana sa jiri, yana kuma kama wuta. Saboda haka aka buɗe ƙofofi huɗu, aka ce da mai shayi ya matsa da murhunsa.

Wurin da dattijo ya fi daɗewa shi ne ƙarƙashin ƙafar direba. Akwai abubuwan takawa uku: kuloci, birki da totur. Ya shiga ya zauna, ya taka kowanne har ƙasa, sau da yawa. In shimfiɗa ta naɗe a bayan birki, birki ba zai sauka ba. In ta danne totur, mota za ta yi ta gudu ko direba ya ɗaga ƙafa. Ya rage ɗan gefen da ke taɓa totur, ya ƙara gam, ya sāke gwadawa.

Da aka mai da kujeru ya duba kowane noti, ya ga ƙarfe ya zauna bisa ƙarfe, shimfiɗa ba ta shiga tsakani ba. Daga ƙarshe ya ɗora tabarmar roba a baya, wadda a ke iya cirewa a kakkaɓe. Ya dubi kawu ya ce: "Alhaji, akuya dai a sa ta a but."

Kalmomi

tsatsa: jan abin da ke cin ƙarfe. Da Faransanci: la rouille.
shimfiɗar mota: le tapis.
totur: abin da direba ke takawa mota ta ƙara gudu.

Tambayoyi

1. Don me dattijo ya hana a fizge tsohuwar shimfiɗa?
2. Abubuwa biyu ne ke haɗuwa da ƙarfe ya yi tsatsa. Waɗanne ne?
3. Kawu ya so a rufe rami, dattijo ya ƙi. Wa ke da gaskiya? Faɗi dalilinka.

Lissafi

A ce gaban wata mota yana da faɗin santimita 140 da tsawon santimita 110. An ƙara santimita 5 a kowane gefe. Nawa ne sabon faɗi, nawa ne sabon tsawo? In an sayi shimfiɗa jika 6, gam jika 2, aka biya mai walda jika 4, sefa nawa aka kashe duka?

Aiki

Gobe kowa ya zo da kwali da almakashi. Za mu fitar da siffar tafin takalminmu, mu bar santimita 1 a gefe, sa'an nan mu datse har ya shiga cikin takalmin daidai.