Yadda Ake Sa wa Shafin Kasuwanci Makulli a Birnin Zazzau

Mai ɗinkin hannu a cikin birnin Zazzau ba ya buƙatar a koya masa darajar suna. Babbar riga mai aska takwas takan ci watanni a hannunsa, kuma mai ita ya biya kafin alƙalami tun ba a zana komai a jikin shadda ba, don ya san gidan, ya san uban mai ɗinkin. Yau mai saye yana Abuja ko Yamai ko Landan, abin da ya sani kawai shi ne shafin da ya buɗe a wayarsa. Tun watan Yulin 2018 burauzar Chrome take rubuta gargaɗi kusa da adireshin duk shafin da ba shi da takardar shaidar tsaro, cewa ba amintacce ba ne. Wanda ya ci karo da wannan rubutu ba zai tsaya kallon aikin zare ba.

Mu da muke aikin sa wa shafi wannan takarda ga teloli da masu huluna da dukawa ba mu da yawa. Akasari yaran gida ne da suka karanta kwamfuta a Samaru ko a kwalejin Nuhu Bamalli, kawu ya kira ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka duba mini abin nan." Ladan aikin wani lokaci hula ce, wani lokaci "Allah ya yi albarka" ne, kuma duka muna karɓa.

Sayen sunan shafi da kama masa masauki ba abin tsayawa ba ne. A sayi suna mai ƙarewa da .com.ng daga dillalan da NiRA ta amince da su, a biya kamfanin da zai ɗauki shafin a sabarsa. Sharaɗina ɗaya ne: a yi rajistar da sunan mai shago da imel ɗinsa, ba na yaron da ya yi aikin ba, don yaro zai tafi bautar ƙasa, shago kuwa yana nan. Sai a nuna wa sunan adireshin sabar, mai www da marar www, duka biyun, kuma takardar ta ƙunshi dukansu.

Takardar kanta kyauta ce. Let's Encrypt ta fara raba ta tun 2015, kuma ɓoye bayanan da take yi bai gaza na wadda ake saye da dala ba. In masaukin yana da cPanel, AutoSSL zai yi aikin da kansa. In sabar a hannunka take, Certbot za ka kira. Mai bayar da takardar zai sa a ajiye wani ɗan fayil a shafin, ya leƙo ta intanet ya gan shi, ya tabbata sunan a hannunka yake, ya sa hannu. Cikin minti ɗaya an gama. A nan ne ake haifar mabuɗin sirri, wanda ba ya barin sabar har abada. Ba a tura shi ta WhatsApp, ko da mai shagon ne ya nema. Daga nan sai a kafa dokar juya duk wanda ya shigo ta http zuwa https.

Mai koyo a nan yake naɗe tabarmarsa, gwani kuwa yanzu ya zauna.

Shafin da ya daɗe yana aiki ba makulli, cikinsa cike yake da tsofaffin adireshi. Hoton kowace riga, fayil ɗin da ke tsara launi da rubutu, maɓallin biyan kuɗi, kowanne an rubuta shi da http tun farko. Ka kulle ƙofar zaure ke nan alhali katangar baya a rushe take. Burauzar zamani ba ta lamuntar wannan gauraye: hoto takan gwada ɗauko shi ta amintacciyar hanya, in ya ƙi ta bar gurbinsa fayau, fayilolin tsari da na umarni kuwa toshe su take yi kai tsaye. Sai ka ga shafi ya wargaje, farashi ya hau kan hoto, a danna maɓallin saye ya yi shiru. Mai shago ya bugo waya ya ce makullin nan ya ɓata masa kasuwa.

Abu na farko, a kwafi shafin da rumbun bayanansa gaba ɗaya a ajiye gefe. Sannan a buɗe shi a kwamfuta, a danna F12, a karanta jerin koke-koken burauzar, domin ita da kanta take ambaton kowane adireshin da ta ƙi. In WordPress ne, a gyara adireshi biyun da ke cikin saitin farko. Saura na cikin rumbu, inda hannu ke rawa. WordPress yana ajiye wasu saituna tare da ƙidayar haruffansu. Ka ƙara "s" ɗaya tak da hannu, ƙidaya ta saɓa, sai ya watsar da saitin gaba ɗaya: tambarin shago ya ɓace, tsarin shafin farko ya koma kamar ba a taɓa yin sa ba. Don haka ba a bin rumbu da sauyin kan mai uwa da wabi. Ana amfani da WP-CLI ko Better Search Replace, waɗanda suka san su sake ƙidayar, kuma a fara da gwaji wanda ba ya taɓa komai, a ga wurare nawa za a sauya. Bayan haka a share tsohon kwafin da sabar ta tanada, a bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, har a sayi hula mafi arha da katin kai. Ranar da jerin koken ya fito wayam, daɗin da nake ji sai wanda ya yi aikin ya san shi.

Gwaji ba ya cika a kwamfutarka. Ari wayar almajirin shago da ta dattijon da ke zaune a bakin masallaci. Wayar da Android ɗinta bai kai 7.1.1 ba ba ta san tushen takardun Let's Encrypt ba, kuma gadar da aka yi mata don ta amince da su ta ƙare a 2024, sai dai in da Firefox a kanta. Wata wayar kuma kwanan watanta ne ya rikice bayan batir ya mutu, sai ta ce takarda ba ta da inganci. Kafin ka zargi sabar, dubi agogo.

Takardar Let's Encrypt kwana 90 take yi, ana sabunta ta tun saura kwana 30. Sun daina aiko imel na tunatarwa a watan Yunin 2025, kuma a Afrilun shekarar masu burauza da masu bayar da takardu sun amince a rage wa'adin kowace takarda zuwa kwana 47 kafin ƙarshen Maris 2029. Dogaro da tunawa ya ƙare. A saita sabuntawa ta yi kanta, a gwada ta a gani, kada ta mutu ana saura mako ɗaya Sallah.

Sai maganar da nake zaunar da kowane mai shago in faɗa masa. Takardar nan hanya take tsarewa, ba hali ba. Ɗan damfara ma yana samun ta kyauta, shi ya sa Chrome ta cire hoton kwaɗon daga bakin adireshi a Satumban 2023, don mutane suna ɗaukarsa shaidar gaskiya. Amana sai ka gina da kanka. Yi rajista da hukumar CAC ka rubuta lambar a shafi. Sunan asusun banki ya zo daidai da na shago. Faɗi unguwarka, Kwarbai ce ko Babban Dodo ko Ƙofar Doka, da lambar wayar da ake ɗagawa. Bar karɓar kati a hannun irin su Paystack ko Flutterwave, kada lambar katin kowa ta kwana a sabarka, kuma adireshi da ma'aunin rigar mutum amana ce da dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora maka.

Alhaji, in ka ce riga za ta kai wata uku, to rubuta wata uku, kuma ka cika. Makullin namu ne, alkawarin naka ne.