Darasin Kiwon Lafiya: Gaɓa Mai Kumburi da Masassara Ba Targaɗe Ba Ce

Darasin wannan wata a kan ciwon da ke tara mugunya cikin gaɓa ne. Yana kama yara, yana kama manya. In an kai mai shi likita da wuri, yakan warke sarai. In an yi jinkiri, yana iya gurgunta shi, yana iya kuma kashe shi.

Ga misali. A watan Satumba makiyaya suna taruwa a Ingal don dabbobi su lashi gishiri. A ce a wani zango akwai yaro ɗan shekara 3. Jiya yana guje-guje a bayan awaki. Yau ya tashi da masassara, ya ƙi taka ƙafar dama. Gwiwarsa ta kumbura, ta yi zafi rau. Kakarsa ta ce targaɗe ne, a kira maɗori. Ubansa ya ce masassarar cizon sauro ce, tun da lokacinta ne. Amma yaron bai faɗi ba. Masassarar cizon sauro kuwa ba ta kumbura gwiwa guda. Wannan yaro likita ya kamata ya gan shi, yau ba gobe ba.

Yadda ciwon yake

Gaɓa ita ce inda ƙashi biyu suka haɗu, kamar gwiwa da kwatangwalo da idon sawu da kafaɗa. Bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi. Akwai kuma ɗan ruwa mai yauƙi a ciki. Su ne ke sa gaɓa ta motsa ba ciwo.

In ƙwayoyin cuta suka shiga gaɓa, sai su hayayyafa, ruwan nan ya zama mugunya. Mugunya tana cin guringuntsi. Cikin kwana ɗaya ko biyu ɓarna ta soma. Guringuntsin da ya lalace ba ya sake tohowa. A jikin yaro, ciwon yana iya taɓa wurin da ƙashi ke girma, sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta.

Ta ina suke shiga?

Mafi yawa jini ne ke kai su. Sukan taso daga maruru ko gyambo ko ƙurjin da aka sosa. Ƙwayar da ta fi kawo ciwon ana kiranta stafilokok, a bisa fatar mutum take zama. Wani lokaci kuma kai tsaye suke shiga, in ƙaya ta soki gwiwa, ko an yi tsaga, ko allura marar tsabta.

Ga samari da manya akwai wata hanya. Ciwon sanyi da ake ɗauka wajen saduwa yana iya bin jini ya sauka a gaɓa. Ga makiyaya kuma akwai bakkale, cutar da ke sa dabba ɓari. Mutum yana ɗaukarta daga ɗanyar madara, ko daga taɓa mabiyiyar dabba da hannu. Ita da tarin fuka a hankali suke cin gaɓa, cikin makonni ko watanni.

Waɗanda ciwon ya fi kamawa su ne jarirai, da tsofaffi, da masu amosanin jini, da masu ciwon sukari.

Alamomi

1. Gaɓa guda ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo ƙwarai.
2. Mai ita ba ya yarda a motsa ta ko kaɗan.
3. Akwai masassara, wani lokaci da rawar sanyi.
4. Yaro yana ɗingishi, ko ya ƙi tsayawa.
5. Jariri ya bar motsa hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya. Yana tsala kuka in an goya shi ko ana masa wanka.

A lura da abu biyu. Jariri da tsoho suna iya samun ciwon ba tare da masassara ba. Kwatangwalo kuma yana can cikin nama, kumburinsa ba ya fitowa fili. Yaron yakan kwanta ya ɗan naɗe ƙafar, ya karkata ta waje. Wani ma gwiwa zai nuna, alhali ciwon a kwatangwalo yake.

Abin da ba a yi

Maɗori aikinsa karaya da targaɗe. Nan kuwa ba abin da ya karye. Ja da matsa ƙara ciwon suke yi. Kada a yi ƙaho, kada a yi tsaga, kada a yi sakiya. Suna buɗe wa wasu ƙwayoyin ƙofa, mugunyar kuwa tana can ciki inda ba su kai. Kada a sayi kafso wurin mai tallar magani a kasuwa. Yana iya sauke masassara na ƴan kwanaki, ya ɓoye wa likita ƙwayar, ita kuwa gaɓa tana ta lalacewa.

Abin da ake yi

A ɗauki marar lafiya, kada a sa shi tafiya da ƙafa. A tallafe gaɓar da zane mai laushi. Ana iya ba shi parasitamol saboda zafin hanya. A kai shi gidan likita mafi kusa a ranar. In malamin asibiti ya ce a wuce babban asibitin Agadas, a wuce. Daga Ingal zuwa Agadas wajen kilomita 160 ne. Mai zango a Tigidda ko cikin daji tafiyarsa ta fi haka, don haka shi ya kamata ya fi kowa sammako. Ba a fafe gora ranar tafiya: kowane zango ya san motar da zai kira, ya kuma ajiye kuɗin hanya. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a gidajen likitanta.

Aikin likita

Likita zai duba gaɓar, ya auna jini. Yana iya ɗaukar hoto. Babban awo shi ne ya sa allura mai tsabta cikin gaɓar, ya zuƙo ruwan. Iyaye da yawa suna tsoron wannan allura, suna cewa za ta gurgunta yaro. Ba ita ke gurguntawa ba, mugunyar da aka bari ce. Ruwan da aka zuƙo shi ke nuna ƙwayar da ta shiga da maganin da zai kashe ta.

Maganin kashi biyu ne. Na farko, a fitar da mugunya, da allura ko da aiki. Kwatangwalo galibi sai an yi aiki an wanke shi. Na biyu, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ana somawa da allura ta jijiya, daga baya a koma na sha. Yawanci yakan ɗauki mako 2 zuwa 4, wani lokaci ya fi. Bakkale tana son mako 6 ko fiye. Tarin fuka yana son wata 6 ko fiye.

Masassara takan sauka kafin ƙwayoyin su mutu duka. Makiyayin da zai tashi da dabbobinsa ya tafi da sauran maganin, ya shanye shi, ya kuma dawo ranar da aka ce. In ciwon ya lafa, malamin asibiti zai nuna yadda za a riƙa motsa gaɓar a hankali, don kada ta sandare.

Rigakafi

A wanke miki da ruwa da sabulu, a rufe shi. A tafasa madara kafin a sha. Mai ciwon sanyi ya je likita tare da abokin zamansa. A kai jarirai allurar rigakafi. Allurar Penta da Nijar ta soma a 2008, da ta ciwon huhu da ta soma a 2014, suna tare wasu daga cikin ƙwayoyin da ke shiga gaɓar yara.

Tambayoyi don masu karatu

1. Me ya bambanta wannan ciwo da targaɗe?
2. Yaya uwa za ta gane shi a jikin jariri?
3. Don me likita yake zuƙo ruwan gaɓa?
4. In ciwon ya kama yaro da dare a zango, wace mota za a kira, wa zai raka shi?

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna.